Me ya sa shir khurma ɗina ke daskarewa kamar tuwo?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na ci wani abinci mai zaƙi na taliya da madara a gidan wasu 'yan Pakistan ranar Ƙaramar Sallah, suna ce masa shir khurma. Na gwada yi a gida, ya yi kauri ya daskare, a karo na gaba kuma madarar ta tsinke. Ina so in yi shi a bikin sunan ƙanwata. Ina kuskuren yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Matsalarki ta farko yawan taliya ce. A Pakistan shir khurma abin sha ne da cokali, madara ce gaba, taliyar tana yawo a cikinta. Lita 1 ta madara mai cikakken maiƙo ba ta bukatar taliya fiye da giram 50, wato kusan rabin kofi idan kin farfasa ta. A ido za ki ga kamar ta yi kaɗan. Kada ki ƙara. Taliyar tana ci gaba da shan madara ko bayan kin sauke, shi ya sa abin da ya yi daidai a kan wuta yake daskarewa idan ya huce. Ki sauke shi yana da ɗan ruwa-ruwa fiye da yadda kike so.

Taliyar da ake nufi ita ce seviyan, siririya kamar gashi, ta alkama ce. Supageti ba zai yi ba, ta shinkafa kuma narkewa take yi. Sauran kayan na lita 1: man shanu cokali 2, sukari giram 80 zuwa 100, busasshen dabino 6 zuwa 8, kadamon (wani kayan ƙamshi, cardamom) guda 4, da rubu'in kofi na almon da fistashiyo da kashu a yanke siri-siri. Wannan zai ishi mutum 5 ko 6. Dabinon da suke amfani da shi mai tauri ne, kusan irin busasshen da ake sayarwa a kasuwanninmu, don haka namu ya wadatar. Ki jiƙa shi a ruwa tun dare, ki cire ƙwallon, ki yanka a tsaye.

Ki narka man shanun a kan wuta kaɗan, ki soya almon da sauran na minti 1 ko 2, ki kwashe. Ki soya dabinon shi ma, ki kwashe. A cikin man da ya rage ki zuba taliyar kina juyawa ba tsayawa. Idan fara ce, minti 4 zuwa 5 har ta yi ja-ja. Idan wadda ake sayarwa a gashe ce, minti 1 ya isa. Wannan suyar ce ke hana silin mannewa da juna, ita ce kuma ke ba da ƙamshin. Amma tana ƙonewa cikin ƙiftawar ido, kuma ɗacin ƙonanniyar taliya babu sukarin da ke rufe shi.

A wata tukunya mai kaurin gindi ki tafasa madarar da kadamon da kika daddaka, ki rage wuta, ki bar ta minti 20 zuwa 25 har ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin huɗu. Ki riƙa kankare gindi da gefen tukunyar, ki mayar da abin da ya manne a ciki. Nan ne daɗin yake, kuma nan ne masu gaggawa ke yin asara. Sai ki zuba taliyar ta yi minti 6 zuwa 8. Sukari ya biyo baya, bayan ta yi laushi, domin idan ya riga ta shiga yana jinkirta nunarta.

Tsinkewar madara kuwa yawanci daga abu uku take: madarar da ta fara tsami, wuta mai ƙarfi, ko ɗanyen dabino da zabibi da aka zuba tana tsakiyar tafasa. Suna da ɗan tsami wanda ya isa ya raba ta. Ki soya su tukuna, ki zuba a mintuna 2 na ƙarshe ko bayan kin kashe wuta. Ruwan wardi ƙaramin cokali 1 shi ma a ƙarshe, zafi yana kore ƙamshinsa.

Idan madarar gari ce gare ki, ki dama giram 150 a ruwa lita 1, mai cikakken maiƙo. Ba sai kin daɗe kina ƙafar da ita ba, minti 10 ya isa.

Don taron suna, ki ninka komai daidai da daidai, amma ki nemi tukunya mai faɗi, don madara lita 5 a tukunya mai zurfi tana kamu kafin ta ragu. Ki soya kayan tun jajibiri, ki haɗa da safe. Ki ajiye madara mai ɗumi a gefe don sassauta shi lokacin zubawa. Kada ya wuce awa 2 a waje cikin zafi. A firji yana kwana 2 lafiya, kuma ana shan sa da sanyi ko da ɗumi.