Tambayi Likita: Tun da aka haska mini ido, komai ja-ja nake gani

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. An yi mini aikin yanar ido a Jidda, aka dasa mini irin gilashin nan da ake daidaitawa da haske bayan aiki. Tun zaman farko da aka haska idon, farin bango ma ja-ja nake ganinsa, da dare kuma fitilun Harami duk sai su yi zobe. Ga tabarau da aka ce kada in cire, ya ishe ni. Ko aikin ne ya ɓaci?
Wata Hajiya daga Misfala, Makka

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya ƙara afuwa. Daga bayaninki ban ga alamar aiki ya ɓaci ba. Wannan gilashi, wanda hukumar magunguna ta Amurka ta amince da shi a 2017, an yi shi da sinadarin da hasken UV (wani haske da ido ba ya gani, wanda ke cikin hasken rana) ke sauya wa siffa. Bayan kamar mako 2 zuwa 3 da aiki ake fara haska shi don a saita ganinki, daga ƙarshe a kulle shi da hasken yadda ba zai ƙara sauyawa ba. Hasken na'urar ne ke barin jan nan, kuma yawanci yana washewa da kansa. Zoben fitila kuwa ana samunsa da kowane irin gilashin da aka dasa, yana raguwa a hankali.

Maganar tabarau ce ta fi damuna. Kafin a kulle gilashin, rana ma tana iya saita shi yadda ta ga dama, kuma gyaran wannan ɓarna na iya kaiwa ga ciro shi. Ke da ke Makka kin san yadda farin marmaran harabar Harami ke maido da rana cikin ido da azahar. Sujada ba ta hana tabarau, Hajiya. Ki riƙa sa tabarau mai duhu a waje, farin tabarau kuma a ɗaki, har sai awa 24 ta cika bayan kullewar ƙarshe.

Kafin zama na gaba ki kwashi duk magungunanki ki nuna wa likitan. Hydrochlorothiazide na hawan jini, doxycycline, da chloroquine ɗin da baƙi ke taho mana da shi daga gida, duk suna sa ido ya kasa jure wannan haske.

In kuwa kika ji zafi mai tsanani, ko gani ya ragu farat ɗaya, ko kika ga walƙiya da baƙin labule na saukowa, kada ki jira ranar da aka ba ki, ki tafi asibiti a ranar.