Wayata na ɗaukar zafi, in sa ta a firji?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni direba ne a Sakkwato. Idan na sa wayata caji a mota sai ta yi zafi har ta riƙa nawa. Wani ya ce in na dawo gida in saka ta a firji. Ya kake gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, malam direba. Don Allah kada ka kai ta firji. Ka ga yadda gorar ruwan sanyi ke yin gumi in an fito da ita? Haka danshi zai taru a cikin wayar, kuma ruwa ya fi zafi saurin kashe ta.

Zafi kullum daga wuri mai zafi yake tafiya zuwa wurin da bai kai shi ba. Batir da ƙwaƙwalwar waya ne ke haifar da shi, musamman lokacin caji. Yawancin wayoyi ba su da fanka, don haka siraran faifan girafayit (irin baƙin abin nan na cikin fensir) ko jan ƙarfe da ke ciki su ne ke janyo zafin zuwa bayanta, kamar yadda cokali ke ɗaukar zafin shayi har ya kai hannunka. Daga bayan wayar kuma iska ce ke kwashe shi.

Nan matsalarka take. Rigar roba da muke sa wa waya ba ta barin zafi ya wuce da sauƙi, ta zama mata bargo. Sannan rana na ratsa gilashin mota tana dukanta kai tsaye, zafi na shiga maimakon fita. Kamfanin Apple ya ce a yi amfani da iPhone inda zafin wuri bai wuce digiri 35 ba, alhali Sakkwato a watan Afrilu takan haura 40, balle cikin motar da aka rufe. Iskar da ta kai wayar zafi ba abin da za ta karɓa daga gare ta. Nawar da kake gani, wayar ce ke rage gudu da kanta don ta kare batir.

Abin da ya fi damuna shi ne batirin, domin zafi na rage masa kwana, wani lokaci har ya kumbura. In ka ga bayan wayar ya ɗago, daina caji nan take ka kai wa mai gyara.

Cire rigar yayin caji, ɗauke ta daga gaban mota zuwa inuwa inda iska ke kaɗawa. In ta yi zafi, zare caja ka kashe ta na ɗan lokaci.