Maƙwabci ya tuge shingen aguwa ya fara katanga: ina iyakar take yanzu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Muna da lambu a bayan Ƙofar Sauri, nan Katsina, wanda muka gada daga mahaifinmu. Tun muna yara shingen aguwa ne ya raba mu da lambun maƙwabcinmu, akwai kuma wani bedi a tsakiyar shingen. Bayan rasuwar dattijon maƙwabcin, babban ɗansa ya tuge aguwar ya fara ɗora bulo, kuma a ganina ya shigo mana da kusan ƙafa uku. Da na yi magana sai ya ce ai babansa ne ya dasa shingen, don haka ƙasar da ke ƙarƙashinsa tasu ce, bedin ma nasu ne. Takardar ciniki ce kawai a hannunmu, mai sa hannun mai unguwa da shaidu. Ƙannena sun ce mu rushe ginin da dare. Mene ne hukuncin, kuma ina zan dosa?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya jiƙan mahaifinku da maƙwabcinsa, ya kyauta namu zuwan.

Ka fara da riƙe ƙannenka. Duk wanda ya taɓa bulon nan da dare ya mayar da ku masu laifi, alhali yanzu ku ne masu ƙorafi. Ɓarnata dukiya da shiga gonar wani da nufin ɓarna laifuffuka ne a dokar final kot, wato dokar hukunta laifuffuka, kuma da su kaɗai 'yan sanda za su iya kama ku. Maganar wa ke da ƙasa ba hurumin 'yan sanda ba ce, ta kotu ce. Idan kun rushe, za ku tsinci kanku kuna neman beli, shi kuma ya sake ɗora bulonsa a inda yake so.

Maganar da ɗan maƙwabcinku ya yi ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne. Mallakar shinge daban, mallakar ƙasa daban. Ko da ya tabbata babansa ne ya dasa aguwar, abin da wannan ke ba shi shi ne itacen aguwar, ba taku ɗaya na lambunku ba. Mutane kan dasa shinge ta hanya uku: wani ya ja baya kaɗan ya dasa cikin nasa, wani ya dasa daidai kan iyaka da yardar maƙwabci, wani kuma ya dasa cikin na maƙwabci bisa kuskure ko kawaici. Wanda kuma ya san aguwa ya san ba ta zama inda aka kafa ta. Reshe ake yankowa a soka a ƙasa, ya kama, ya yi rassa, wanda ya kwanta ya sake kamawa. Shingen da aka fara da layi ɗaya, bayan shekara talatin sai ka tarar da faɗinsa ya kai ƙafa huɗu ko biyar. To idan mutum ya tuge shi duka ya kafa tushen gininsa a bakin da ke ɓangarenku, ya cinye duk abin da shingen ya mamaye a tsawon shekarun nan. Ina kyautata zaton a nan ƙafa ukun taka ta tafi.

Shi ya sa abin da ya fi damuna a tambayarka shi ne lokaci. Shingen nan shi ne babban shaidarku, kuma an riga an tuge shi. Gobe da safe ka tafi lambun da mai unguwa da dattijai biyu ko uku waɗanda suka yi noma a wurin tare da mahaifinku. Ku nemi kututturan da suka saura. Aguwa ba ta tuguwa tsaf, ana barin guntayen saiwa da gindi, in ka kankare su da wuƙa farin ruwan nan zai fito. Mafi kauri a cikinsu su ne dashen farko, layinsu kuma shi ne asalin shingen. Ku duba inda fangalinku na ƙarshe ya tsaya, da inda ƙasa mai taki ta yi baƙi ta rabu da wadda ba a nomawa, da hanyar ruwan da ta taso daga rijiya. Ku auna da tef daga abin da ba ya motsi, kamar bakin rijiyar ko gindin bedin, a rubuta, a ɗauki hoto da bidiyo dattijan suna nuni da hannunsu suna faɗin abin da suka sani. Tsofaffin hotunan sama na Google Earth ma suna taimakawa wajen nuna yadda layin shingen ya bi, ko da yake ba za su raba gardamar ƙafa biyu ko uku ba.

Dalili na biyu na gaggawa shi ne hauzi. A mazhabar Malikiyya, wadda kotunan shari'a na jihar nan ke bi, wanda ya riƙe fili shekara 10 yana gini ko noma a ciki, mai ikirarin filin yana gari, yana gani, babu abin da ya hana shi magana kuma bai yi ba, to ba a sauraren ƙararsa bayan nan. Tsakanin dangi wa'adin ya fi haka tsawo sosai, kuma hauzi ba ya aiki idan aro ko jingina ne asalin riƙon. Kai ba ka kusa da shekara goma ba, amma ka lura da abin da hukuncin ya rataya a kai: shiru. Maganar da ka yi masa ku biyu a bakin lambu ba ta da mai shaida. Ka sake yin ta a gaban mai unguwa, a rubuta rana, a sa hannu. Wannan hauzin kuma yana iya zama makaminku, domin in kun shekara da shekaru kuna noma har gindin shingen a kan idon dattijon bai taɓa cewa uffan ba, ɗansa ba zai zo yau ya ce wurin nasu ne ba.

Malamanmu na fiƙihu sun daɗe da tsefe rigimar katanga da danga. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan Katsina, an ce idan aka yi jayayya kan katanga ana hukunta ta ga wanda ɗaurinta da sarƙewar tubalinta suke ɓangarensa. Wato in zana ce a duba ta ina aka ƙulla igiya, in gini ne a duba da ginin wa ta sarƙe. Shinge mai rai ba shi da ƙulli, sai a koma ga shaidu da al'adar wurin: wa ke sassabe shi, wa ke cike gurbi idan awaki sun fasa. Ƙa'idar dai ita ce hujja a kan mai da'awa, rantsuwa a kan wanda ya musa. Ka kuma tuna wa ɗan maƙwabcin naka, cikin lalama, cewa a hadisin da Muslim ya ruwaito Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, ya la'anci wanda ya canza alamar iyakar ƙasa, kuma Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa wanda ya ci taƙi ɗaya na ƙasa da zalunci za a rataya masa shi har ƙasa bakwai. Na ga mutanen da wasiƙar lauya ba ta motsa su ba, amma limamin unguwa ya zaunar da su da wannan suka janye.

Batun bedin mai sauƙi ne. In gindinsa kan iyaka yake kuma ba a san wanda ya dasa ba, na tarayya ne, ba mai sare shi sai da yardar ɗayan. In ya tabbata na ɓangare ɗaya ne, ɗayan yana da haƙƙin a datse rassan da suka shigo masa suna hana shukarsa rana, amma itacen da aka datse na mai bishiyar ne. Kada ku bari a sare shi yanzu ko ma na wane ne, domin shi ne alamar da ta rage a tsaye.

Takardarku ta ciniki tana da amfani, kada ka raina ta. Rauninta shi ne irin waɗannan takardu kan ce gabas ya yi iyaka da wane, yamma da wane, ba tare da awo ba. Tana tabbatar da lambun naku ne, ba ta faɗin inda ya tsaya. Kotun Ƙoli, a shari'ar Idundun da Okumagba ta 1976, ta lissafa hanyoyi biyar na tabbatar da mallakar ƙasa, kuma takarda ɗaya ce kawai daga ciki. Tarihin gado da daɗewar riƙo da ayyukan mai abu, irin su noma da haƙa rijiya, duk suna ciki. In ɗan maƙwabcin yana da C of O, wato takardar mallaka ta gwamnati, a nemi taswirar safiyo da ke tare da ita, a nemo turakun simintin da aka binne a kusurwoyi. Sau da yawa takardar mai ginin ce ke nuna ya wuce gona da iri.

In sulhun mai unguwa bai yi ba, a hau zuwa ga magaji ko dagaci, sannan hakimi. Amma ka sani ba su da ikon tilasta hukunci, sai abin da kuka amince da shi. In yana ci gaba da ɗora bulo ana cikin magana, kada ka jira. Ka kai ƙorafi hukumar tsara birane ta jiha, domin gini a cikin birni yana buƙatar izininta, sannan lauya ya nemo maka umarnin kotu na dakatar da aiki. Zaɓen kotun yana buƙatar kula. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta sa filayen birni a hannun gwamna, na karkara a hannun ƙaramar hukuma, kuma sashe na 39 ya keɓe wa Babbar Kotun Jiha shari'ar filin da haƙƙinsa ya fito daga gwamna. Lambun da ke bayan Ƙofar Sauri akwai yiwuwar yana cikin yankin da aka ayyana birni, don haka lauyanka ya tabbatar da wannan kafin a shigar da ƙara, kada ku ɓata shekaru a rushe shari'ar saboda rashin hurumi. Tun da gado ne, in ba a raba ba, sauran magada har da mata su ba ka wakilci a rubuce.

Ra'ayina, Malam, ka sa ƙarfinka a sulhu matuƙar zai dawo maka da haƙƙinka ko ya biya ku diyyar da duk magada suka yarda da ita. Kuɗin shari'ar ƙasa kan ninka darajar ƙafa uku, kuma wannan mutumin shi za ka kira ranar da injin ban-ruwanka ya tsaya. Sai dai kada sulhun ya ƙare a baki da fatiha kawai. A kira safiyo mai rajista ya auna a gaban kowa, a binne turakun siminti, a rubuta awon a takarda, ku da shaidu da mai unguwa ku sa hannu, kowane gida ya riƙe kwafi. Daga nan ku fara neman takardar mallaka ta gwamnati a ma'aikatar ƙasa da safiyo. In za ku sake dasa aguwa ko bini-da-zugu, ku ja baya da ƙafa ɗaya cikin naku, ku riƙa sassabe shi duk rani don kada ya rufe turakun.