Shin ƙofar gefen direba tana da amfani a mota mai ɗakin kwana?

Tambaya: Ina zaune a Amurka, kuma ina shirin sayen babbar mota mai ɗakin kwana da kicin wadda aka taɓa amfani da ita. Na ga guda biyu, ɗaya tana da ƙofa a gefen direba, ɗayar kuwa ƙofarta guda ce a gefen fasinja. Shin wannan ƙofa ta isa ta sa in fifita ta farkon?

Amsa: Malam, amsar ta rataya ne a kan wurin da injin motar yake da kuma wurin da aka yanka babbar ƙofarta. Ƙananan motocin da ake ginawa a kan shasin Ford E-Series ko Mercedes Sprinter ba su cikin wannan magana, domin suna zuwa da ƙofofin gaba biyu tun daga masana'anta. Maganar ta shafi manyan nan ne masu siffar bas, waɗanda a Amurka ake kira Class A.

Idan motar mai shan fetur ce, kamar waɗanda ake ɗorawa a kan shasin Ford F-53, injin yana gaba, murfinsa ya yi tudu tsakanin kujerar direba da ta fasinja, babbar ƙofa kuma yawanci tana can wajen tsakiyar mota. A irin wannan mota, duk lokacin da ka tsaya a gidan mai, ko kake ja da baya kana son ka sauka ka duba abin da madubi bai nuna maka ba, sai ka ƙetare murfin inji, ka ratsa falo da takalminka, ka fita ta dama, sannan ka zagayo. Wanda yake tuƙi shi kaɗai, ba mai tsaya masa a baya yana yi masa ishara, yakan gaji da wannan zirga-zirga har ya daina sauka, kuma a nan ne ake gogar bishiya ko ginshiƙi. Wannan ne, a ganina, babban dalilin da ya sa ƙofar take da daraja. Akwai kuma batun tsira: idan wuta ta tashi a kicin, ko motar ta kwanta a gefen dama, mafita ta biyu a kusa da direba ta fi tagar gaggawa da ke ɗakin kwana sauƙin kaiwa, musamman ga mai shekaru.

Idan kuwa mai shan dizal ce wadda injinta yake baya, to babbar ƙofa tana gaba, daf da kujerar fasinja, ƙasan kuma a shimfiɗe yake, taku biyu ko uku ya kai ka waje. Shi ya sa da wuya ka ga ƙofar direba a irin waɗannan, kuma ba ka rasa komai ba.

Sai dai ƙofar tana da nata aibun, kuma bai kamata a ɓoye maka ba. Tana sama ƙwarai, kusa da tayar gaba, kuma matakanta ƙanana ne a miƙe, hawanta kamar hawan kan tirela ne, don haka mai ciwon gwiwa zai iya saya ya ƙare bai taɓa amfani da ita ba. Tana buɗewa ne ta gefen da motoci ke wucewa, abin da ke da haɗari idan ka tsaya a bakin babbar hanya. Robar da ke zagaye da ita kuma idan ta tsufa takan shigo da ƙarar iska da sanyi da ruwan sama, ruwan kuma yana ruɓar da katakon ƙasa a hankali ba tare da an lura ba.

Saboda haka kafin ka biya kuɗi, ka hau ka sauka ta ƙofar da kanka, ka ɗaga shimfiɗar da ke ƙarƙashinta ka danna ƙasan ka ji ko ya yi laushi, sannan ka tuƙa motar a babbar hanya ka saurari iska. Idan motocin biyu masu inji a gaba ne kuma lafiyarsu ɗaya, ɗauki mai ƙofar. Amma idan marar ƙofar ta fi ta lafiyar inji da rufi da tayoyi, ita za ka saya, domin gyaran rufin da ya yi yoyo ya fi rashin ƙofa ciwo nesa ba kusa ba.