Ƙugu Yana Raguwa, Sikeli Ya Tsaya Cak: Me Ke Faruwa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Wata uku ke nan ina sassarfa da tuƙa keke sau huɗu a mako, ba na ɗaga ƙarfe, kuma ban sauya abincina ba. Ƙuguna ya ragu da inci biyu, tufafin da suka matse ni a da sun yi mini daidai, amma duk lokacin da na hau sikeli sai in tarar nauyina yana nan inda yake. Shin wahalar banza nake yi?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malama, ba wahalar banza kike yi ba. Sikeli yana auna duk abin da ya hau kansa ne, wato ƙashi da tsoka da kitse da ruwa, har da abincin da bai gama narkewa ba, kuma ba ya bambance wanda ya ragu da wanda ya ƙaru.

Amsar da aka fi bayarwa ita ce kitse ya zama tsoka, kuma wannan ba daidai ba ne, domin halittarsu daban take, ɗaya ba ya rikiɗewa ya koma ɗayan. Gaskiya ne tsoka ta fi kitse cunkushewa: kilo ɗaya na kitse yana cin wurin da ya kai kimanin lita 1.1, na tsoka kuwa bai cika lita ɗaya ba. Sai dai bambancin bai kai yadda hotunan intanet suke zuzutawa ba, kuma sassarfa da keke kaɗai ba sa gina tsoka mai yawa, in ban da ɗan abin da sabon shiga yake samu a cinya da sharaɓa.

A ganina, ruwa ne ya fi ɓoye miki ci gaban da kika samu. Idan mutum ya lazimci motsa jiki mai sa haki, tsokokinsa suna ƙara ajiye sukarin da suke ƙonawa, wanda ake kira gilaikojin, kuma kowane giram ɗaya nasa yana riƙe kimanin giram 3 na ruwa. Haka nan ruwan da ke cikin jini yana ƙaruwa tun a makonnin farko, saboda jiki ya samu damar sanyaya kansa da gumi ba tare da zuciya ta jigata ba. Wannan nauyi ne mai amfani, kuma yana iya cike gurbin kitsen da ya tafi, har sikeli ya nuna kamar ba a yi komai ba. Ga mata kuma, jiki yakan tara ruwa gab da zuwan al'ada.

Inci biyun da suka bar ƙugunki su ne abin farin ciki. Ban da kitsen da ake iya kamawa da yatsu a ƙarƙashin fata, akwai wani a can cikin ciki, kewaye da hanji da hanta, wanda shi ne aka fi dangantawa da ciwon sukari da hawan jini da ciwon zuciya. Irin motsa jikin da kike yi yana rage wannan kitse ko da nauyi bai sauka sosai ba. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ɗaukar ƙugun da ya wuce santimita 80 ga mace, ko 94 ga namiji, a matsayin alamar ƙarin haɗari.

Sai dai a tabbatar awon na gaskiya ne. Ki lalubo haƙarƙarinki na ƙarshe da saman ƙashin ƙugu, ki zagaya tef a tsakaninsu, a kan fata, bayan kin fitar da numfashi, ba tare da kin shanye ciki ko kin ja tef ɗin ya nutse ba. Da yawa suna matse shi ba su sani ba, don son ganin ragi. Ki yi haka da safe, sau ɗaya a mako biyu.

Idan burinki nauyin ma ya sauka, dole a duba abinci, domin kilo ɗaya na kitse yana ɗauke da kimanin kalori 7,700 (kalori shi ne ma'aunin kuzarin da jiki yake samu daga abinci), kuma yunwar da ke biyo bayan motsa jiki takan sa a mayar da abin da aka ƙona. Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma ba manya shawarar minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu, wanda shi ne ya rage miki. Amma in kika ga ƙafafu suna kumbura, ko numfashi yana sarƙewa a kan ɗan aiki, to ki dakata ki ga likita kafin ki ci gaba.