Da gaske ana ajiye wutar lantarki a cikin iska?

Malam, ka tambaya ko gaskiya ne ana iya adana wutar lantarki a iskar da muke shaƙa. Ƙwarai kuwa, ba tatsuniya ba ce.

Wutar sola da ta injinan iska ba ta jiran mai buƙata. Ta sola, alal misali, da tsakar rana ta yi yawa har a rasa inda za a kai ta, da magariba kuwa, lokacin da kowa ya kunna kayansa, sai ta ja baya. To da wannan rarar ake tace iska, a matse ta, a sanyaya ta har kusan digiri 196 ƙasa da sifiri. A nan ne take zama ruwa-ruwa, a ɗura ta a manyan tankuna masu riƙe sanyi, kamar dai fulas ɗin shayi. In buƙata ta taso sai a ɗumama ta, ta kumbura ninki kusan 700, ƙarfinta ya juya janareta. Ba hayaƙi, ba mai.

Kamfanin Highview Power ya buɗe tashar gwaji mai megawat 5 kusa da Mancesta a Ingila a 2018, daga baya ya ɗauko gina mai megawat 50 a Carrington, nan ma kusa da Mancesta, wadda aka tsara ta ba da wuta na awa 6.

Inda gizo ke saƙa shi ne asara. Abin da ke dawowa bai cika wuce kashi 60 cikin 100 ba, alhali batirin litiyam yana mayar da kusan 90. Sai dai tanki ba ya gajiya da wuri kamar batir, kuma ba ya neman dam ko tsauni kamar yadda adana wuta ta hanyar tura ruwa sama ke nema. A ganina aikin babbar tasha ne wannan; don solar gidanka, batir ɗinka ya fi maka.