Ya zan gane ko bayanin kayan aikina ne ke rikita wakilin AI?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na haɗa wakilin AI da ke amsa wa kwastomominmu a WhatsApp, na ba shi kayan aiki guda biyu, wato fankshin na kod da zai iya kira, nemo_oda da duba_oda, kowanne na rubuta mishi bayani. Amma kwastoma zai ce "ina kayana suka maƙale" sai ya kira wanda bai dace ba, wani lokacin ma ya ƙirƙiro lambar oda daga kansa. Laifin model ne, wato ƙwaƙwalwar AI ɗin da ke cikin wakilin, ko na bayanina, kuma ya zan auna?

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan uwa. Toh kafin ka ɗora wa model laifi ka tuna shi fa ba ya ganin kod ɗinka kwata-kwata, abu uku ake miƙa masa, sunan kayan aikin, bayanin da ka rubuta, sai guraben da zai cike waɗanda ake tsarawa da JSON Schema, wato tsarin rubuta irin abinda kowane gurbi ke karɓa. Haka abin yake tun da OpenAI suka kawo kiran fankshin, wato ba model damar kiran kayan aiki, a Yunin 2023, haka ma a MCP, ƙa'idar haɗa AI da kayan aiki, da kamfanin Anthropic suka saki a Nuwamban 2024. Kamar sabon yaron shago ne ka bar masa takarda ka tafi wayarka a kashe, duk abinda ba ka rubuta ba sai dai ya yi shaci-faɗi. Kuma tsakani da Allah nemo_oda da duba_oda ko mutum ne sai ya tsaya tunanin wanne ne wanne.

Ba da karantawa ake auna bayani ba, don kai da ka rubuta komai zai maka daidai tunda ka riga ka san abinda kake nufi. Da aiki ake aunawa. Ka tattaro saƙonnin kwastomomi na gaske kamar 40 ko 50, da kurakuren rubutunsu da cakuɗa Hausa da Turanci, kar ka gyara komai illa ka goge sunaye da lambobin waya. A gaban kowanne ka rubuta abinda ya kamata ya faru: wane kayan aiki zai kira, da me zai cike guraben. Inda mutane suka fi sakaci shine ba sa saka saƙon da bai kamata a kira komai ba, kamar "kuna buɗewa ran Juma'a?", da kuma wanda dole ya tsaya ya tambayi lambar oda tukuna. Jadawalin gwajin kiran kayan aiki na jami'ar Berkeley, wato BFCL, yana da sashe musamman na duba ko model zai iya kame hannunsa idan babu kayan aikin da ya dace, kuma matsalarka ta ƙirƙiro lamba 'yar uwar wannan ce.

Kuma kar ka gwada sau ɗaya ka ce ya ci. Model na iya dacewa yanzu anjima ya kauce a tambaya iri ɗaya, shi ya sa gwajin tau-bench da kamfanin Sierra ya fitar a 2024 yake duba ko wakili zai ci aiki ɗaya a duk maimaitawar, ba sau ɗaya cikin sa'a ba. Ka maimaita kowanne ko sau biyar ne.

Maki kaɗai ba zai gaya maka dalili ba, sai ka zauna ka karanta hirar daga farko har ƙarshe, ka ga a ina ya karkace, wahala ce amma a nan naman yake. Sannan ka canza abu ɗaya tak ka sake gwadawa, in ka canza suna da bayani da gurabe lokaci guda ba za ka san wanne ya yi maganin ba. Ka kuma ware wasu saƙonnin gefe da ba ka kallonsu lokacin gyara, da su za ka yi gwajin ƙarshe, in ba haka ba sai ka ɗinka bayanin daidai jikin tambayoyin da ka haddace.

Ni da zan gyara naka, na farko zai koma nemo_oda_da_lambar_waya, na biyu matsayin_oda_da_lambar_oda, a bayanin in rubuta ƙarara yaushe ake kira, yaushe ba a kira, da misalin yadda lambar take, da cewa idan kwastoma bai bayar ba a tambaye shi. Saƙon kuskure ma ɓangaren bayani ne, "error 400" ba ya koya masa komai, amma "babu wannan lambar, nemi kwastoma ya turo" zai dawo da shi hanya.

Wani lokacin kuma ƙarin surutu ba zai yi ba, kayan aikin ne za a sake wa fasali. Anthropic sun ba da labarin cewa wakilinsu na gwajin gyaran kod mai suna SWE-bench yana ta kuskure da gajeren adireshin fayil, wanda ya dogara da foldar da yake ciki, idan ya canza folda, sai suka tilasta cikakken adireshi, kuskuren ya ɗauke. Kai ma ka sa kod ɗin ya ƙi karɓar duk lambar odar da ba ta fito daga saƙon kwastoma ko sakamakon bincike ba. Kuma duk ranar da ka canza model ko ka ƙara sabon kayan aiki ka sake gudanar da gwajin gaba ɗaya, don sabon kayan aikin na iya janye kiran da tsohon ke samu.